Hannun da Ba a Jona Ba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Umma tana gaishe ku. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya komai sai ka mayar da shi wasa.

Saƙonka ya iso, na gode. Gem ɗin gadar nan, wasan talabijin na yarintarmu da aka sake yi, ya yi kyau. Ruwan kogin kamar mutum ya tsoma hannu, kiɗan ma shi ne na da. Amma wani abu ya tsaya mini a rai: na haye gadar. Ka san tsohon, ko kai sai da ka cinye dogon hutu kana faɗawa ruwa. Ni kuwa zama ɗaya na wuce. Ban yarda ba, sai na koma farko. Na ɗauki hoton talabijin kafin in faɗi, na sake ɗauka bayan na faɗi, na auna da rula. Katakon gadar yana ƙara faɗi duk sanda mutum ya faɗa ruwa, kuma ba a gaya masa. Kai ka kunna wannan kafin ka aiko, ko haka ya zo?

Kamfanin gwajin ruwan nan sun ɗauke ni. Ranar Litinin ta sama zan fara.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Malama mai rula,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Antinki ta yi dariya har da riƙe ciki. Mutum ya aiko miki kyauta, ke kuma ki kai ta ɗakin gwaji?

Haka ya zo, ban taɓa komai ba. Masu yin sa sun san mun girma, ga aiki ga yara, ba mai hutun da zai ƙarar a kogi. Ni ma raina biyu a kansa. Na ji daɗi da na ga ƙarshen labarin ba tare da babban yatsana ya yi kanta ba, amma da na haye sai na ji kamar an riƙe mini keke ta baya.

Barka da samun aiki. Dama na san za su ɗauke ki. Ki gaishe mini da manajansu mai sanƙo, benci ɗaya muka zauna a makaranta.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka.

Na karanta wasiƙarka sau da yawa. Ba ka taɓa gaya mini ka san manajan ba. Ni ban ma gan shi ba, ma'aikata ne suka yi mini tambayoyi. Kuma ka rubuta "dama na san za su ɗauke ki". Ta yaya ka sani? Mu da yawa muka je, wasu sun fi ni sakamako, na gani a allon makaranta.

Ka tuna ɗakin Baba, da tsohuwar talabijin da sai an buga gefenta? Idan na dame ka da kuka, sai ka miƙo mini hannun gem na biyu, ka ce, "Auta, haye mana gadar." Ina dannawa, mutumin cikin gem ɗin yana tsalle, ina ihu ina kiran Umma ta zo ta gani. Sai ranar da nake shara na ga igiyar hannun gem ɗin nawa kwance a ƙarƙashin kujera, ba a jone da komai ba. Na san don ka faranta mini ne. Amma tun ranar, duk abin da ya zo mini da sauƙi sai na leƙa ƙarƙashin kujera.

Ka gaya mini gaskiya, ka yi masa magana? Idan ka yi, zan rubuta musu in ba su haƙuri su ɗauki wani. Ba zan iya zama a ofis ina tunanin an faɗaɗa mini katako ba. Umma ta ce na cika zargi. Wataƙila. Ina jiran amsarka kafin Litinin.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam.

Na kira kamfanin kafin su ɗauke ki, ba zan ɓoye miki ba. Aka ce mai sanƙon ya bar wurin tun bara, gaisuwar da na ce ki kai masa cika baki ne kawai. Wata mata ce a kujerar yanzu, sakatarenta ko sunana bai tsaya ya ji ba. Na san in kin je za ki bincika, ki bincika.

A gem ɗin, ki shiga wurin saiti, can ƙasa akwai inda ake kashe taimakon, gadar ta koma siririya kamar da.

Wannan karon hannuna ne ba a jona ba. Ki goge kayanki ki tafi aiki.

Ki gaishe da Umma.
Yayanki