Wasiƙarki Ta Dawo Hannuna

Zuwa ga Zalika, gawona mai kore a tsakiyar rani, ruwan randa ga mai ƙishi, hadarin gabas da idona ke jira,

Gaisuwa mai tarin yawa daga filin jirgi, inda nake sauke buhunan dawar taimako tun da fari ya cinye mana gona. Ina fatan ke da iyayenmu da duk mutanen Sae Sabuwa kuna lafiya. Ni kam, alhamdu lillahi, yau zuciyata fes take!

Kin tuna ranar da rijiyar unguwarku ta ja baya har aka ƙulla igiya uku? Guga ya fito rabi ruwa rabi laka, kika tace da gefen mayafinki, kika miƙo mini tun ba ki kurɓa ba. Wace zuma ce ta kai wannan ruwa? Wane sarki ne aka taɓa shayarwa haka?

Akwai abin da na ɓoye miki, sanyin idona, don kada ki damu. Masu gadin filin nan, kullum muka tashi aiki sai su jera mu a rana, su sa mu tuɓe riguna, wai suna neman dawar da muka sata. Har Baba Sanda, makanikenmu mai furfura, wanda ya yi jika da wasunsu. Ran nan ɗayansu, Dikko, ya zaro wasiƙarki daga aljihuna, ya karanta da ƙarfi yana maƙale murya, ana ta dariya, sannan ya tafi da ita. Wayyo Zalika! Hannuna ya dunƙule. Amma in na buge shi aka kore ni, wa zai kai wa innata hatsi? Na haɗiye kamar mai haɗiyar garwashi.

Ashe Baba Sanda ya kai kuka sama. Sai ga mutum uku an turo, ba ƴan filin ba ne, ba kuma na masu gadi ba: wani tsohon alƙali, wata likita, da wakilin ƙungiyar ma'aikata. Suka zauna a buro, wato ofishin filin, suka sa masu gadi nesa da ƙofa, suna kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Abokaina suka ce in kama bakina, baƙo zai tafi, mai gadi yana nan. Duk da haka na shiga. Alƙalin ya ce, “Faɗi, ɗana, ba mai jin sunanka.” Na ce, “Baba, a rubuta sunana, ai wasiƙar tawa ce.” Daga ina wannan ƙarfin hali ya zo in ba daga gare ki ba?

Ba a daina bincike ba, kuma gaskiya ne, hatsin masu yunwa ne. Amma yanzu a rumfa ake yi, da shaida a tsaye, ba mai tuɓe riga. Mutanen nan uku sun ce za su riƙa dawowa ba sanarwa, har sun dawo sau biyu. Jiya Dikko ya zo ya miƙo mini wasiƙar da hannu biyu, kansa a ƙasa, ya ce, “Magaji, ka yafe mini.” Na yafe. Shi ma garkensu ya ƙare a farin nan. Muka ci tuwo kwano ɗaya.

Don haka rubuto, tauraruwata, kada ki rage ko kalma guda. Ba mai sake taɓa wasiƙarki sai ni. Ranar da ruwa ya sauka, jirage suka daina zuwa, zan dawo in yi shuka, in turo magabatana gidanku. Ko damina ta makara, ni ba zan makara ba.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Magaji