Na Tsare Gidana Daga Ruwa, Na Rasa Maƙwabcina

Hajiya Khadija, don Allah ki ba ni shawara, domin ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana.

Ni tsohon malamin firamare ne, mutumin Kagoro, aiki ya kawo ni Suleja har na yi ritaya. Ni da matata Rebeka muka gina gida a Maje tun gonaki sun fi gidaje yawa. Ta rasu shekarun baya, yara kuma kowa ya kama gabansa. Da ba don maƙwabcina Malam Ummaru ba, ban san yadda zan yi ba. Kullum in ya dawo daga sallar la'asar a ƙofar gidana yake zama, mu kunna rediyo muna musu a kan labarai. Matarsa Hajjo kuwa tun ranar da aka binne Rebeka ba ta fasa aiko mini da tuwo ba.

Bayan gidajenmu akwai wani kwazazzabo. Da ɗan lambatu ne, amma da aka cika unguwar da sababbin gidaje sai duk ruwan ya koma bi ta nan, kowace damina yana cin ƙasa yana matso mu. 'Yata Debora injiniya ce a Abuja. Ta zo ta gani, hankalinta ya tashi. Da rani ta kawo ma'aikata suka gyara gaɓar, suka shimfiɗa wani ƙyalle mai kauri kamar bargo wanda suke kira jiyotestail, sannan suka jera duwatsu cikin ragar waya a kansa. Ta ce ƙyallen yana barin ruwa ya wuce amma yana riƙe ƙasa, don kada ta zurare ta ƙarƙashin duwatsun. Na roƙi Malam Ummaru a haɗa da nasa ɓangaren. Ya taɓa ƙyallen ya yi dariya, ya ce ruwan da ke tafiya da katanga ba bargo ne zai tare shi ba. Ban matsa masa ba.

Damina ta zo. Nawa ɓangaren ko motsi bai yi ba. Amma daidai inda duwatsuna suka ƙare ruwa ya kwarara, ya cinye katangar Malam Ummaru ta baya da banɗakinsa da garken awakin Hajjo. Allah ya sa ba a rasa rai ba. Da na je jaje sai bakina ya suɓuce na ce ai da ya ji maganata. Ya juya ya shige gida.

Tun daga nan gaisuwa ce kawai daga nesa. Tuwon ya daina zuwa. A unguwa ana cewa na juya wa maƙwabcina ruwa. Hajiya, sai in yini ban buɗe baki da kowa ba, har rediyon ma na daina kunnawa. Debora ta ce ba laifina ba ne, in sayar da gidan in koma wurinta. To me zan yi a gidan bene a Abuja, kowa ya fita aiki? Ga ragowar naɗin ƙyallen nan ajiye a ɗakin Rebeka, ina tsoron in kai masa ya ɗauka gori ne. Ni na cuce shi? In tafi ko in zauna?

Tsohon Malami, Maje

Baba, sannu da wannan kaɗaici. Ba ka yi laifi don ka kare gidanka ba, kuma ka gayyace shi ya ƙi. Amma shi ma ba ƙarya yake ji a ransa ba. Na tambayi wani injiniya, ya ce idan aka ƙarfafa gaɓa ɗaya aka bar ta kusa da ita, ruwa yakan taru da ƙarfinsa ya afka wa inda aikin ya ƙare. Watakila katangarsa za ta faɗi ko ba aikinka, watakila kuma aikin ya gaggauta faɗuwarta. Mutumin da ke tsaye a kan ɓaraguzan gidansa kuwa ba ya buƙatar a tuna masa wa ya yi gaskiya. Ina zaton wannan kalmar ta fi ruwan yi masa ciwo, kuma kunya ce ke hana shi zuwa, ba ƙiyayya ba.

Kada ka fara da ƙyallen. Ka je da kanka, ka nemi afuwa a kan abin da ka faɗa, ka tsaya nan, ban da bayani. In ya ƙi saurara, ka nemi limamin masallacinsu ko mai unguwa ya raka ka.

Bayan haka ka ce Debora ta dawo ta duba kwazazzabon gaba ɗaya, ta yi wa Malam Ummaru bayani da ladabi irin na 'ya, har da yadda za a kafe ƙarshen aikin cikin ƙasa. In ba a gyara nasa ba, ruwan zai zagayo ta bayan naka wata rana. Ka faɗa masa haka, ya san kai ma kana buƙatarsa. Sai a yi gayya kafin ruwan fari, a kuma kai kukan unguwar ga hukuma.

Batun sayar da gida ka ajiye shi tukuna, ba a yanke irin wannan shawara cikin ɓacin rai. Ka riƙa zuwa zumuntar maza a cocinku, ka kuma faɗa wa Debora gaskiyar yadda kake yini, don na tabbata ba ta sani ba.

Ka je gobe, Baba, kada ka jira ya fara zuwa. Allah ya daidaita tsakaninku, ya jiƙan Mama Rebeka, ya ba ka lafiya.