Na kori surukata a kan kwamfuta, ashe ba ita ba ce

Assalamu alaikum Admin da 'yan guruf. A ɓoye sunana. An shiga kwamfutata ba da sanina ba, an ɓata mini aiki, an sa aji guda ya yi mini dariya, kuma ni tun tasowata ba a taka ni in yi shiru. Da wannan halin nawa na jawo abin da ya fi ƙarfina. Don Allah ku ba ni shawara, wanda zai zage ni ma ya zaga, ba zan ce masa don me ba.

Ni 'yar Daura ce, nan aka haife ni, nan na yi aure. Ban taɓa shiga aji ba sai da na aurar da 'ya'ya biyu, a makarantar manya na fara riƙe biro, benci ɗaya da sa'o'in 'yata. Maigidana dillalin dabbobi ne, yau yana karar Mai'aduwa gobe yana Baure. Ya sauke Alƙur'ani, ajami kuwa yana zuba shi kamar ruwa, amma boko ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ranar da na ce zan shiga makaranta dariya ya yi, ya ce wai tsohuwar tukunya za a mayar wuta a sake gasawa. Na shiga duk da haka, na gama, yanzu ina ajin koyon kwamfuta. Babban yarona da ke aiki a Katsina shi ya saya mini laftof. Matarsa tana zaune tare da mu da ɗansu ɗan yaye. 'Yar Sandamu ce, ta yi karatun malanta, zan kira ta Bilki, ba sunanta ba ne.

Da farko ƙananan abubuwa na fara gani. In bar caji cike, in dawo in tarar ya yi rabi. In bar murya a sama, in tarar an rage ta. Na ɗauka ni ce nake mantuwa. Sai Malamarmu ta ba mu aiki, kowa ya rubuta tarihin rayuwarsa a shafi ɗaya ya kawo a filash. Na yi nawa da zuciya ɗaya, ban sake dubawa ba. Da ta haska shi a bango gaban kowa, a tsakiyar inda nake ba da labarin rasuwar mahaifiyata, sai ga a a a a, b b b b, ba be bi bo bu, layi bayan layi. Yara suka tuntsire da dariya, wata 'yar ƙwalisa a bayana ta ce Inna ta koma aji ɗaya. Wallahi ban san yadda na fito daga ajin nan ba.

Na fara zaton masu kutse ne daga nesa, irin waɗanda ake faɗa a rediyo, hankalina ya tashi, don akwai hotunan matan unguwarmu na kamu da sa lalle a ciki, babu mayafi, amana suka ba ni. Malama ta ce in kwantar da hankali mu bi sawu. Ta ce in cire data gaba ɗaya na kwanaki, in abin ya ci gaba to hannun a cikin gida yake. Na cire, abin ya ci gaba. Sai ta nuna mini inda kwamfutar take ajiye lokacin da aka buɗe ta da lokacin da aka rufe, da abin da aka taɓa na ƙarshe. Na zauna da tabarau na bi ɗaya bayan ɗaya. Kullum tsakanin hantsi da azahar ne, kuma a ranakun da nake aji. Abin da ake buɗewa kuwa darasin haruffa ne na 'yan farko, wanda na daɗe da wuce shi. A wannan lokacin Alhaji maigidana ya fita, daga Bilki sai yaro a gidan, kuma ita kaɗai ta san kalmar sirrin, don ita ta taya ni sa ta. Na ce shi ke nan, 'yar boko ce take yi mini gori, tana tuna mini daga inda na fara.

Na kira ta na tambaye ta. Ta durƙusa ta sunkuyar da kai, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, sai "Ki yi haƙuri, Umma." Na maimaita, ta maimaita. Ni kuwa na ɗauki haƙurin nan a matsayin amsa laifi. Da na tsaya nan da sauƙi. Washegari akwai suna a maƙwabta, mata cike da tsakar gida har da gwaggon Bilki, bakina ya ƙi rufuwa. Na ce ɓarauniya ba sai ta ɗauki kaya ba, mai leƙa asirin mutane ma ɓarauniya ce, kuma duk mai hoto a wurina ta sani ba ni na nuna wa kowa ba. Kafin la'asar Bilki ta goya ɗanta ta hau mota zuwa Sandamu. Da na gaya wa Alhaji, sai ya ce, "Hajiya, da kin bi a hankali." Ya wanke hannu bai gama tuwonsa ba. Na ce masa shi ina ruwansa da harkar da bai sani ba.

Na canza kalmar sirri, Malama ta sa mini wata manhaja mai ɗaukar hoton duk wanda ya buga kalmar ba daidai ba. Niyyata in Bilki ta dawo in kama ta da shaida. Bayan kwana kaɗan na buɗe wurin hotunan ina ganin ba zan tarar da komai ba. Jama'a, fuskar mijina na gani. Hoto bayan hoto, hularsa a ture baya, tabarau a kan hanci, ya kusa manna ido a allon, yatsa ɗaya a miƙe yana neman harafi. Tsohuwar kalmar yake ta gwadawa, ya haddace wuraren da hannun Bilki yake taɓawa. A hoton ƙarshe ya dafe kai. Sai a lokacin na tuna ɓarɓashin goro da nake hurewa daga tsakanin maballai, kuma Bilki ba ta cin goro.

Na nemo ta a wayar ƙanwarta. Na ce mata na gani, ban ambaci kowa ba. Ta fashe da kuka. Ta ce Baba ne ya tsaya bayan labule ya roƙe ta, ko fuskarta bai kalla ba. In na fita aji sai ya dawo daga hanya, ita ta buɗe darasin ta ajiye a kan tabarma a falo ta shige ɗaki, in ya gama ya yi gyaran murya ta fito ta kashe. Masu sayen shanu daga kudu yanzu saƙo suke turowa ta waya, shi sai ya miƙa wayarsa ga samarin dillalai su karanta masa, har wani ya janye masa mutumin da suka daɗe suna hulɗa. Na ce me ya hana ki faɗa mini ranar nan? Ta ce, "Umma, da wane baki zan ambaci Baba?" Ta kuma roƙe ni kada ya san ta faɗa, na yi mata alkawari.

Ban tambaye ta me ya hana shi zuwa wurina ba, don na sani. Duk sanda ya miƙo mini waya in karanta masa, sai in gyara zama in ce a kawo wa tsohuwar tukunya. Ni wasa nake kira shi, amma ramuwa ce. Na san zafin a yi maka dariya a kan harafi fiye da kowa a gidan nan, kuma ni ce mutumin ya ji tsoro.

Yanzu ga inda aka tsaya. Mahaifin Bilki ya aiko cewa a gaban mutane aka kira 'yarsa ɓarauniya, don haka ba za ta dawo ba sai an je gaban dattawa an faɗi wanda ya yi, tunda na ce kwamfutata ba ta ƙarya. Ni na faɗi hakan a wurin suna, da bakina. Yarona ya kira, bai ɗaga murya ba, cewa ya yi kawai in ba a sasanta ba zai ɗauke iyalinsa zuwa Katsina, in kuma ta ƙi, shi bai san yadda zai yi ba. Alhaji bai san na ga hotunan ba. Ya rame, yana zama a zaure yana tambayar ko an ji lafiyar jikansa, ya buɗe baki kamar zai yi magana sai ya koma jan carbi. Ban ce ba shi da laifi ba, ya ga ana cin zalin yarinya ya yi shiru, wannan ma yana ci mini rai. Amma mutum ne da ake tashi a ba shi wuri a kara, in aka ji yana ɓuya yana koyon a da ba a hannun surukarsa, har ya mutu da shi za a riƙa kiransa.

To 'yan uwa, ya zan yi? In faɗi sunansa a gaban surukai in wanke yarinya, in zubar da girman mijina? In ce ni na ɓata aikina da kaina, in yi ƙarya a gaban dattawa da furfurata? Ko in nuna masa hotunan in ce ya je da ƙafarsa, alhali na yi wa Bilki alkawari? Wanda ya san hukuncin wannan a addini ma ya faɗa mini.

Jiya na kwana da abin a raina. Yau da safe na cire manhajar hoton, na cire kalmar sirrin gaba ɗaya. Na kai wa Alhaji koko na ce masa Sandamu zan je biko da kaina. Ya riƙe ludayi bai kai baki ba, ya ce shi ma zai sa riga. Na ce ya zauna tukuna, bakin da ya yi ɓarna shi zai fara zuwa. Ga ni a tasha da ƙullin goro a cinya, mota ta kusa cika, kuma har yanzu ban san me zan ce wa uban yarinyar nan ba in ya tambaye ni wane ne.