Amaryar Roba ta Bayan Gilashi

Daga ofishin mai babban otal ɗin nan na bakin kogi, wanda ma'aikata ke miƙewa tsaye idan ya yi tari,

Zuwa ga tauraruwar asuba, raɓar da ke kwana a kan ganye, inuwar la'asar, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Zuwa ga sarauniyar keken ɗinki, wadda allura ke rawa a yatsunta. Ina gaishe ki gaisuwar manya, ina kuma gai da Gwaggo mai shago, idan har ta bari takardar nan ta iso hannunki.

Ni ban saba rubuta wa kowa wasiƙa ba, sakatarori ke yi mini. Dole ce ta sa. Ina da wani ma'aikaci a kicin, mai wankin kwanoni, dogo siriri, bakinsa ba ya rufuwa. A da shi ke zuba wa kuku gishiri a shayi, shi ke kwaikwayon tafiyata a bayana yana zaton ban gani ba. Yanzu ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Sai ya tsaya gaban famfo, ruwa na zuba, kumfa har gwiwar hannu, idonsa a bango. Farantaina sun kusa ƙarewa a hannunsa, baiwar Allah! Na bincika, aka ce ke ce. Tunda kin toshe lambarsa, bari ki ji daga bakin babba.

Ranar hutu ce. Suka fita shi da kuku da mai gadin ƙofar baya, kuma tun zuwansa ƙasar nan bai taɓa ganin garin da rana tsaka ba, kullum daga ɗaki sai kicin. Suka hau jirgin ƙasa, suka sauka a babbar kasuwa. Kifaye kwance a kan ƙanƙara, ido buɗe, ya ce haka kike kallonsa idan ya shirga ƙarya. Layin masu furanni, ya rasa furen da ya kai kumatunki kyau. Layin masu yadi kuwa, nan ƙafarsa ta ƙi tafiya: yana shafa wannan, yana murza wancan kamar yadda kike yi, har mai rumfa ya tambaye shi ko tela ne. A wajen masu tsofaffin kaya ya saya miki ɗan almakashi mai kan tsuntsu. Suka tsallaka gada, jiragen ruwa na wucewa ta ƙarƙashinsu. Suka shiga gidan tarihi, inda aka kafa ƙasusuwan wata dabba mai tsayin bene, ya ɗauki hoto ya rantse wa ƙanwarsa cewa kakan mai gadi ne. Suka hau doguwar hasumiya, garin duka ya kwanta a ƙasa, rufin gidaje iya ganin ido. Wallahi duk inda na juya, wato duk inda ya juya, ke yake gani.

Da suka sauko sai ga shagon kayan amare. A bayan gilashi an tsayar da wata mace ta roba, an sa mata farar riga mai jan ƙasa, an lulluɓe fuskar da mayafi. Ya manna kafaɗa da gilashin, ya gyara wuyan riga, kuku ya ɗauki hoto. Ya tura miki, ya rubuta a ƙasa: na gaji da jira, ga wadda na samu a nan.

Kaico! Kaico da yatsan da ya danna!

Ya zaci za ki yi dariyar nan taki mai sa ki rufe baki da gefen gyale. Ya jira a jirgin komawa, shiru. Ya jira washegari, shiru. Sai ƙanwarsa ta kira, ta ce kin kawo mata zoben baikonku a ɗaure cikin ƙyallen yadi. Ta ce kin ce kin san roba ce, ke ba yarinya ba ce. Amma ke da kike ɗinka wa 'yan matan unguwa rigar aure ɗaya bayan ɗaya, kina durƙuso kina kafa musu allura a gefe, kina yi musu murmushi, naki yadin kuwa na ninke a ƙasan akwati tun ranar da ya tafi, a ce abin da kike haɗiye hawaye a kansa shi ne abin wasansa?

Kin yi gaskiya, hasken idona. Kin yi gaskiya, kuma ita ke cina. Ba zan iya ci gaba da cewa "shi" ba, ni ne. Na tsaya gaban gilashin nan ne don na ga ɗinkin hannun rigar na ce naki ya fi shi kyau. Na hango ki a cikinta, ido ya kawo ruwa, ga kuku da mai gadi suna kallona. To me na iya? Tun ina makarantar allo, idan bulalar Malam ta sauka, gwalo nake yi wa na kusa da ni don kada a ga hawayena. Bakina bai san wata hanyar kuka ba sai tsokana.

Kin tuna yadda nake tsinke maɓallan rigata da gangan in zo shagonku? Kina ɗinkawa ina tsaye, kanki a sunkuye daidai ƙirjina, Gwaggo na cewa wannan yaron ko ɓera ke cin rigarsa? Rannan kika ciji zaren, kika ɗago, kika ce in daina wahalar da riga, in faɗi abin da ya kawo ni. Na buɗe baki, sai ga wasa ya fito. Kika yi haƙuri har na iya faɗa. Ashe haƙurin ma yana da ƙarshe?

Ya ke ruwan sanyin maƙogwarona, me zan yi da wannan garin yanzu? Don wa nake tsoma hannu a ruwan zafi har fata na saɓulewa? Don wa nake kwana a ɗaki ɗaya da ƙarti masu minshari? Kogi na gudu, fitilu na walƙiya, mutane na dariya da yaren da ban sani ba, ni kuwa kamar tsuntsun da aka fige aka ce ya tashi. Ba na roƙon ki yafe yau, ban kai ba. Ki buɗe lambar kawai. Ki zage ni da muryarki, ki kira ni duk sunan da kika ga dama, zan yi shiru in saurara, ni da ban taɓa yin shiru ba. Idan kuma rabuwar ce, ki faɗa mini da bakinki, kada in ji ta a bakin ƙanwata.

Na san tun layin farko kin gane. Mai otal bai san da zamana a duniya ba. Sunansa na ara, don na san idan kika ga nawa a bayan ambulan ba za ki buɗe ba. Rubutun ma kin ga yadda ya karkace, na mai koyon boko a waya ne. Ko kin amsa ko ba ki amsa ba, babu wata bayanki, yau da gobe har ranar da za a rufe mini ido.

Naki, mai wankin kwanoni,
wanda kike kira Kunnen Ƙashi.