Duhun da Eliphalet Ya Lissafa

Talata, 10 ga Yuni, 1806

Surukina Eliphalet, malamin lissafi, ya ce ranar Litinin da hantsi rana za ta mutu. Wai husufi. Ya faɗa yana shafa wa burodi man shanu, kamar labarin kasuwa. 'Yata Zilpah tana gefensa, cikinta ya kai wata tara.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ban yi makaranta ba, wannan rubutun ma matata marigayiya Keziah ce ta koya mini. Amma na ga Ranar Duhu ta 1780, shi kuwa yana goye. Da tsakar rana kaji suka hau makwanci. Keziah tana naƙuda. Ungozoma ta kulle ƙofarta tana addu'a, ta ce tashin duniya ne, ba inda za ta. Jaririyar, Zilpah, ta rayu. Uwarta ba ta rayu ba.

Na gaya masa. Ya ce, "Baba, wancan duhun ban san kansa ba. Wannan wata ne zai gifta, ya wuce."

Na ce, "Wata ne ya aiko maka?"

Asabar, 14 ga Yuni

Na je wurin Huldah, ungozomar yanzu, 'yar waccan. Na roƙe ta ta tare a gidanmu. Ta ce, "Kai tsoho, masu ciki nawa ne a garin nan?"

Eliphalet ya rufe makaranta, yana bi gida-gida da tuffa da kyandir yana nuna yadda inuwa take. Dariya ake masa.

Lahadi, 15 ga Yuni

Abinci ya ƙi wucewa.

Litinin, 16 ga Yuni

Naƙuda da safe. Na aika a kira Huldah, shiru. Haske ya koma ruwan toka, sanyi ya sauko, shanu suka nufo gida. Taurari da rana tsaka! Zilpah tana kiran uwar da ba ta sani ba.

Sai ga Huldah cikin duhun, da kwandonta. "Matsa, tsoho. Malam ya ce kafin ruwa ya tafasa zai wuce. Ɗora ruwan!"

Bai tafasa ba rana ta dawo.

Talata, 17 ga Yuni

Ta haihu, mace ce. Zilpah ta sha romo.

Eliphalet bai ko duba madubin hangen taurarinsa ba jiya, yana bakin ƙofa tare da ni. Shekara uku yana jiran ranar.

Na tambaye shi yaushe ne husufi na gaba. Don in sani kawai.