Kwalekwalen da Ka Bar Mini

Malam, salamu alaikum. Ya kwanciyar maƙabartar Baƙi'a?

Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ranka ma, in na rubuta maka cefane sai ka ce kaza ce ta bi ta kan takardar, balle yanzu. Amma cikina ya cika, kuma kai ka jawo mini.

Maganar kwalekwalenka ce. Kafinta nawa ne a Madina? Kowa yana yin ƙofa da akwati, kai kaɗai ka tara ragowar katako ka haɗa jirgin ruwa a garin da babu kogi. Wai don mahaifinka masunci ne daga Yawuri, alhali kai ko kogin Kwara ba ka taɓa gani ba, sai dai labari a bakin mahaifin naka. Shekara da shekaru yana jingine a tsakar gidanmu na Anbariyya, kana shafa masa mai kamar jariri. Ranar da ciwo ya tsananta ba ka ce in kula da jikoki ba. Cewa ka yi kada in bari a faskara shi. Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce to.

To, rusau ya iso layinmu bara. Gidan ya tafi, har da bishiyar lemon. Na koma wurin babban yaronka, shagga ce, wato 'yan ɗakunan bene, a hawa na uku, ko akuya ba za ta sami wurin juyawa ba. Ina zan kai jirgi?

Da farko muka jingine shi a gindin bene. Kwana bakwai kacal, Malam. Na sauko na tarar mutanen layi sun mai da shi bola: ƙashin kaza, ƙunzugun jarirai, har da mushen kyanwa. Mutanen da ke wuce shi da carbi a hannu za su masallaci!

Sai na tuna amininka Alhaji Sale, mai gonar dabino a Awali, wanda ya yi shekara ashirin yana cin tuwon Juma'a a kwanonka. Ya dafa ƙirji, ya ce ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba. Muka ɗauki motar kaya muka kai. Bayan wata biyu na ce bari in leƙa. Tun daga ƙofar gona warin ya tare ni. Jirginka yana tsakiyar garken raguna. Ashe ragowar shinkafar biki suke kwasowa daga gari suna jibgawa a ciki. Ta yi tsami, ta yi yauƙi, tsutsa tana motsi a kanta, wani ƙaton rago ya sa ƙafafu biyu a ciki yana ci yana kashi. Filafilinka kuwa, da shi ake juya ta. Da na kalli Alhaji Sale, sai ya yi dariya, wai yanzu ne ma abin ya sami amfani. Na tofar da yawu a gabansa. Allah ya yafe mini, amma ban yi nadama ba. Har yau ba na cin shinkafa.

Surukinmu na Bi'ir Ali ya ce a kawo saman rufinsa. Kafin in gama godiya matarsa ta fara tambaya ko za a iya huda gindin, don na'a-na'ar da za ta shuka a ciki ba ta son ruwa ya kwanta. Ɗanka kuma ya ce mini da Larabci wai in haƙura, katako ne kawai. Ka ji ɗan da ka ciyar da katako?

Tunda ba za ka iya tashi ka yi faɗa ba, bari in faɗa maka wata gaskiya. Ɗayan filafilin da ya ɓace da wata Babbar Sallah, ba maƙwabta suka ɗauka ba. Gas ne ya ƙare ina tsakiyar suya. Kuma duk tsiyar da na yi maka, ban taɓa gaya maka jirgin yana da kyau ba. Yana da kyau, Malam. Sai da na durƙusa kwana uku ina kankare shi da sabulu da toka na ga yadda ka haɗa bakin katakon nan, ko allura ba za ta shiga ba.

Ga inda aka kwana. Na samo leburori huɗu 'yan Nijar, suka jawo shi da igiya ta baranda, duk layi ana kallo. Na ba da gadona sadaka, na naɗe katifa na cusa a ciki. Matar ɗanka ta daina shiga ɗakina, wai yana mata kama da makara. Hakan ma ya yi mini, na huta da binciken kwanukana.

Na zaga garin nan kaf, ban sami inda za a bar shi shi kaɗai ba. To ina ciki. Bayana yana ciwo, in zan fito sai na kama bango. Iya raina na riƙe maka. Ranar da aka ɗauke ni kuwa, kafin a yi sadakar uku sun sauke shi, wannan na sani. Sai ka yi haƙuri. In na iso ma yi rigimar a can.

Allah ya haskaka makwancinka. Sai na zo.

Tsohuwarka mai ciwon baya,
Mairo