Na Kai Musu Makullin Shago

Zuwa ga Jobst a Passau, inuwata, sanyin idona, tsohon itacena mai taurin kai.

Bayan gaisuwa, ni ce Walburga. Ka san ban iya zaƙin baki ba, sai ka yi haƙuri da abin da ka samu.

Shekara talatin kana aiki a shagon mijina. Marigayi Lienhart ya zana waliyyai, kai kuma ka cika musu baya da daji. Kana tsammani ban lura ba? Kowace shekara itatuwanka sai ƙara tsawo suke, gansakuka na zubo musu kamar gemu, sama ta yi ja kamar garwashi, waliyyan kuwa sai ƙanƙancewa, har wani fada na coci ya tambaya ko sai ya zo da gatari kafin ya ga wanda zai roƙa. Lienhart ya yi ta faɗa. Ni kuwa ina niƙa launi ina satar kallon dajin nan, ina ji kamar da ni kake magana.

Ka tuna ranar da na kai maka burodi da cuku kan tudun bakin kogin Danube? Ka ce in tsaya in ga yadda hazo ke tashi daga ruwa. Na ce hazo ba ya cika ciki. Amma ai na tsaya, har miyata ta ƙone a gida. Ba ka taɓa hannuna ba, ban taɓa naka ba, kuma ban yi da-na-sanin wannan ba.

Kwana bakwai da binne Lienhart ka hau jirgin ruwa, ka bar gari. Na san dalili. Dokar ƙungiyar masu zane ce, matar mamaci ta riƙe shago shekara guda, daga nan sai in ta auri mai zane. Ka ji matan kasuwa na cewa tsohon kare ya daɗe yana gadin ƙashi. Don kar a ce shago kake so, shi ne ka bar ni da bango huɗu?

To jiya na kai wa 'yan ƙungiyar makulli, da sauran wata biyar a wa'adina. Babu shago yanzu. Abin da ya rage tsohuwa ce mai haƙori shida, da tarin da ya ƙi tafiya tun kaka. Mai magani ya duba ni, ya kau da kai.

Jiragen gishiri za su daina hawowa da zarar kogi ya daskare. Ka shigo ko da na ƙarshe ne. Kar ka ce sai ƙanƙara ta narke, ba na jin zan kai.

Ko ka zo ko ba ka zo ba, ni taka ce har a rufe ni.

Walburga